Daga Ƙofar Kabuga Zuwa Kurmi: Yadda Ƙwaƙwalwa Take Riƙe Hanya

Baƙon da ya sauka daga mota a Ƙofar Kabuga da niyyar shiga cikin birni ba ya shan wata wahala muddin bai bar bakin kwalta ba. Titi zai ɗauke shi zuwa Tal'udu, daga nan ya bi ta Mandawari har ya hango Gidan Sarki. Amma ranar da ya ce zai yanke, ya faɗa lungu, ranar ce zai san birnin Kano ba jiya aka gina shi ba. Lungu ya karya dama, ya karya hagu, ya rabu biyu a gindin wata katanga, ya sake haɗewa a bayan wani masallaci. Wani ya fid da mutum fili, wani kuwa ya ƙare a ƙofar zauren mutane. Matambayi dai ba ya ɓata. In baƙon ya gaji ya yi wa wani dattijo sallama, ya ce, "Baba, don Allah ina hanyar Kurmi?" amsar ba za ta wuce, "Miƙe nan, ɗana, in ka wuce masallaci na biyu ka karya hagu, za ka ga mai ƙosai, sai ka sake tambaya." Sau da yawa ma dattijon yakan kira wani yaro ɗan shekara 8 ko 9 ya ce ya raka baƙo. Yaron nan bai taɓa ganin taswirar Kano a takarda ba, amma zai shige gaba yana 'yan wasanninsa, ko kai ba ya ɗagawa. In ya tarar an toshe wani lungu saboda biki ko zaman makoki, nan take zai sake wani, ya kuma ɓulla daidai inda ake nema.

To, a ina yaron ya ajiye wannan taswira? Kuma me ya sa tsohon da ya shekara 70 yana bin lungunan nan, wata rana sai ya fita masallaci ya kasa komowa gida, har a kai cigiyarsa gidan rediyo? Tambayoyin biyu amsarsu a wuri ɗaya take, wani ɗan yanki na ƙwaƙwalwa da masana suka shafe shekaru fiye da 60 suna bin diddiginsa. Abin da suka gano shi ne sanin hanya aikin gayya ne. Sassa da dama ne suke haɗuwa, kowanne da kunyar da yake nomewa, kuma idan ɗaya ya gaza, irin ɓatan da mutum zai yi ya sha bamban da wanda zai yi idan wani ne ya gaza.

Dokin teku

A can cikin ƙwaƙwalwa, daura da kunnuwa, akwai wani lanƙwasasshen nama guda biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu, kowanne tsawonsa kamar na ɗan yatsa, wajen santimita 4 zuwa 5. Cikin 1587 wani likitan Italiya, Giulio Cesare Aranzi, ya ga naman ya yi kama da wani ɗan kifi mai kai irin na doki da naɗaɗɗiyar wutsiya, wanda ake kira dokin teku, sai ya laƙaba masa sunan kifin, watau hifokamfus. Wasu masana daga baya suka ce ƙahon rago ya fi kama da shi, suka kira shi ƙahon Amun, wani abin bautar Misirawan dā da akan zana da ƙahonin rago. Daga wannan suna ne a harshen Latin aka ciro haruffan CA, waɗanda Rafael Lorente de Nó, almajirin shahararren masanin nan na ƙasar Sifen Santiago Ramón y Cajal, ya yi amfani da su cikin 1934 ya raba naman zuwa CA1, CA2, CA3 da CA4. A gefensu kuma akwai wani sashe mai baki kamar haƙoran zarto, wanda ake kira dentet, watau mai haƙora.

An daɗe da sanin suna ba a san aiki ba. Da yawa sun ɗauka wurin jin ƙanshi ne. Wani abin tausayi ne ya buɗe ido. Cikin 1953 wani likita a Amurka, William Scoville, ya yi wa wani saurayi ɗan shekara 27 mai suna Henry Molaison tiyata saboda farfaɗiyar da ta ƙi jin magani, ya cire masa mafi yawan hifokamfus na dama da na hagu tare da naman da ke kewaye. Farfaɗiya ta yi sauƙi, hankalinsa da maganarsa suna nan lafiya lau, amma daga ranar duk abin da ya faru da shi ba ya zama. Brenda Milner, wadda ta yi nazarinsa, ta ba da rahoto tare da Scoville cikin 1957 cewa iyayensa sun tashi zuwa wani gida a kan titi ɗaya da tsohon gidansu, aka yi wata 10 bai riƙe adireshin sabon ba, ba a kuma iya barinsa ya koma gida shi kaɗai. Tsohon gidan kuwa ya san shi sarai. Ya rayu a haka har rasuwarsa cikin 2008.

Ƙwayoyin wuri da ƙwayoyin awo

Tun 1948 wani masanin halayyar dabbobi a Amurka, Edward Tolman, ya ce ɓeraye suna zana taswirar wuri a cikin kansu, domin ya ga in an toshe musu hanyar da suka saba sukan yanke ta wata zuwa wurin abinci. Ba a gaskata shi sosai ba, don babu wanda ya ga taswirar. Sai cikin 1971 John O'Keefe da ɗalibinsa Jonathan Dostrovsky, a Landan, suka saka wasu sirarun wayoyi cikin hifokamfus ɗin ɓera suna sauraron ƙwayoyin jijiya ɗaya bayan ɗaya yayin da ɓeran yake yawo. Sai suka ji wani abin mamaki. Wata ƙwaya tana shiru har sai ɓeran ya isa wata kusurwa, sa'an nan ta ɓarke da tartsatsin lantarki. Da ya bar wurin sai ta yi tsit, wata dabam ta ɗauka. Aka kira su ƙwayoyin wuri. Cikin 2003 an ji irinsu a ƙwaƙwalwar mutane, wasu masu farfaɗiya da aka saka wa wayoyi don neman tushen ciwonsu, yayin da suke tuƙa tasi a wani gari na wasan kwamfuta. Ashe ke nan, da za a iya sauraron ƙwaƙwalwar yaron nan mai rakiya, da an ji wani rukunin ƙwayoyi ya motsa a bakin masallaci, wani rukuni a wurin mai ƙosai, wani a gindin katanga, suna miƙa wa juna har Kurmi.

Amma wa yake gaya wa ƙwayar wuri cewa an iso wurinta? Gidan Bahaushe ba a shigarsa sai ta zaure, haka ma hifokamfus. Zaurensa wani yanki ne da ake kira entorainal, kusan duk labarin da ido da kunne da hanci da gaɓoɓi suka kawo ta nan yake bi. A cikin wannan zaure ne May-Britt Moser da Edvard Moser da ɗalibansu, a birnin Trondheim na ƙasar Norwe, suka gano wasu ƙwayoyi cikin 2005 waɗanda kowace take motsawa a wurare da yawa, kuma idan aka ɗiga wuraren a takarda sai su fito a jere cif, tazara ɗaya, kamar saƙar zuma. Waɗannan su ne ƙwayoyin awo. Aikinsu kamar na mai awon fili ne da igiyarsa: taku nawa aka yi, ta wace fuska. Akwai kuma ƙwayoyin da ke nuna inda kai ya fuskanta, waɗanda James Ranck ya fara ji cikin 1984 a wani yanki na kusa, da waɗanda ke motsawa in an zo bakin bango, da aka ba da labarinsu cikin 2008. O'Keefe da su Moser biyu sun sami lambar yabo ta Nobel cikin 2014 saboda wannan aiki.

Ƙwayoyin nan ba sa daina aiki don an kashe fitila, har ma an sami ƙwayoyin wuri a ɓerayen da ba sa gani tun suna jarirai. Duk wanda ya taɓa ganin makaho yana ratsa lungunan birni da sandarsa, yana karya kwana daidai ba tare da ɗan jagora ba, ya ga wannan awo yana aiki, yana dogara da taku da sauti da ƙanshi da laushin ƙasa.

Mai rarrabewa da mai cikasawa

Daga zaure labari yakan bi hanya mai zango uku: ya shiga sashe mai haƙora, daga nan zuwa CA3, daga CA3 zuwa CA1, sa'an nan ya fita zuwa sauran ƙwaƙwalwa. Kowane zango da matsalar da yake warwarewa, kuma matsalolin biyu na farko kishiyoyin juna ne.

Ta farko ita ce kama. A cikin birni lunguna biyu sukan yi kama kamar an tsaga kara: katangar ƙasa iri ɗaya, kwata a tsakiya, zaure mai ƙofar ƙarfe, akuya a ɗaure. Idan ƙwaƙwalwa ta ajiye su a matsayin abu guda, mutum zai riƙa shiga na maƙwabta yana zaton nasu ne. Sashe mai haƙora shi ne mai rarrabewa. A ƙwaƙwalwar ɓera yana da ƙwayoyi kusan miliyan 1, ninkin waɗanda suke aiko masa da labari daga zaure sau da yawa, kuma kaɗan ne ƙwarai daga cikinsu suke motsawa a lokaci guda. Saboda haka wurare biyu da suka zo da kama sai su faɗa hannun rukunoni mabambanta, ɗan bambancin da ke tsakaninsu ya faɗaɗa. Cikin 2001 Raymond Kesner da abokan aikinsa a Jami'ar Utah ta Amurka suka gwada wannan. Sukan ɓoye abinci a ƙarƙashin wani abu, ɓera ya gani ya ci, sa'an nan su ajiye wani abu mai kama da shi sak a gefe, tazarar tana kamawa daga santimita 15 zuwa 105. Ɓeran da aka lalata wa sashe mai haƙora yakan zaɓi daidai in tazarar tana da yawa, amma in abubuwan biyu suna kusa da juna sai ya rikice.

Matsala ta biyu ita ce giɓi. Wuri ba ya zama yadda aka bar shi. Da rani hazo yakan rufe Goron Dutse da Dala, waɗanda mutumin yammacin birni yake saita hanya da su ko bai sani ba. Da dare a ɗauke wuta. Mai ƙosai ta tashi, an sare bishiyar da ke kwana, an yi wa katangar ƙasa yaɓen siminti. Duk da haka ɗan unguwa ba ya ɓata, domin abu ɗaya da ya saura ya ishe shi ya dawo da sauran. Wannan aikin CA3 ne, kuma asirinsa yana cikin yadda aka saƙa shi. Ƙwayoyin CA3, waɗanda suka kai kimanin 300,000 a ɓera, suna aika rassa zuwa ga junansu. Kowace ɗaya tana karɓar saƙo daga ƙwayoyin sashe mai haƙora kimanin 50 kacal, amma daga 'yan'uwanta na CA3 tana karɓa daga wajen 12,000. Ƙwayoyin da suka motsa tare a wani wuri sai igiyar da ke tsakaninsu ta yi ƙarfi, ta yadda gobe in kaɗan daga cikinsu suka farka za su tashi sauran. Kamar ɗalibin da aka ja wa farkon karatun da ya haddace ne, sai ya zarce da kansa.

Wani masanin lissafi na Ingila, David Marr, shi ya fara hasashen haka cikin 1971, amma gwajin da ya tabbatar da shi sai 2002, a ɗakin binciken Susumu Tonegawa a Amurka. Sun yi amfani da wata dabara da Richard Morris ya ƙirƙiro a farkon shekarun 1980: babban baho cike da ruwa mai gauraye da ba a ganin ƙasansa, da ɗan dandamali a ɓoye ƙarƙashin ruwan, ɓera ya yi iyo har ya same shi, yana saitawa da alamomin da ke jikin bango. Suka samar da ɓerayen da aka hana ƙwayoyin CA3 nasu ƙarfafa igiyar nan. Da alamomi 4 a bango, ɓerayen sun koyi wurin dandamali kamar kowa. Da aka cire 3 aka bar 1, lafiyayyun ɓeraye suka nufi wurin kai tsaye, su kuwa waɗancan suka yi ta kewaye.

A nan akwai abin lura. Mai rarrabewa yana cewa, "wannan wuri dabam ne," mai cikasawa yana cewa, "ai wurin nan ne da muka sani." Dole a sami mai raba gardama, kuma masana da yawa suna ganin CA1 ne. Shi yana karɓar labari ta hanya biyu, ɗaya daga CA3 mai ɗauke da abin da aka tuna, ɗaya kuma kai tsaye daga zaure mai ɗauke da abin da ido yake gani yanzu, don haka yana wurin da zai gwada su. Ƙofar Kabuga kanta misali ce. Tarihin Kano ya nuna an ja ganuwa ta wannan gefe ne a ƙarni na 17, zamanin Sarki Muhammadu Nazaki, kuma ta nan rundunar Ingila ƙarƙashin Kanar Morland ta shiga birni ranar 3 ga Fabrairu 1903. Ganuwar ta zaizaye a wurare da yawa, an faɗaɗa titi, a shekarun 2010 kuma aka haƙa gadar ƙasa a mahaɗar. Bakanon da ya yi shekara 20 a Kurmi ko Makka ya dawo, zai tsaya ya ce, "Nan ne Kabuga, amma ba haka na bar ta ba." Rabin farko na maganar CA3 ne ya ba shi, rabi na biyu kuwa sai da aka gwada tsohon hoto da sabo. Bayan 'yan kwanaki taswirar ta gyaru.

CA1 yana da rauni guda: ba ya jure rashin iska. Cikin 1986 masana a Amurka suka ba da labarin wani majinyaci da suka kira R.B., wanda jini ya yanke wa ƙwaƙwalwarsa na ɗan lokaci, ya tashi ba ya riƙe sabon abu. Da ya rasu aka duba, sai aka tarar ɓarnar hifokamfus ɗinsa a CA1 ta tsaya, dama da hagu. Ɗan ƙaramin CA2 kuwa, binciken 2014 ya nuna ya fi shafar gane ɗan'uwa da aka taɓa haɗuwa da shi.

Direbobin Landan da lungu

Ban da wannan rabo na zango-zango, akwai wani rabon a tsawon naman, daga goshinsa zuwa wutsiya. Cikin 2008 su Moser suka sa ɓeraye gudu a kan wata hanya mai tsawon mita 18. Ƙwayoyin wuri na ɗaya ƙarshen suna kula da filin da bai kai mita 1 ba, na ɗaya ƙarshen kuwa filinsu ya kai wajen mita 10. A mutum, ɓangaren baya shi ne mai ƙididdige ƙananan wurare, na gaba kuma mai kallon faɗi, wanda yake da alaƙa da tsoro da sauran motsin zuciya. Na gaba ya san cewa Kurmi tana gabas da Kabuga. Na baya ya san ƙofa ta nawa ce bayan kwana.

Babu inda aka fi ganin wannan kamar direbobin tasi na Landan. Kafin a ba mutum lasin a can sai ya haddace tituna kimanin 25,000 da ke cikin mil 6 daga tsakiyar gari, karatun da yakan ci shekara 3 zuwa 4. Cikin 2000 Eleanor Maguire ta ɗauki hoton ƙwaƙwalwar direbobi 16 ta gwada da ta mutum 50 da ba direbobi ba. Ɓangaren baya na hifokamfus ɗin direbobin ya fi girma, na gaba ya fi ƙanƙanta, kuma gwargwadon daɗewar mutum a sana'ar gwargwadon bambancin. Masu gardama suka ce wataƙila wahalar tuƙi ce kawai. Sai cikin 2006 ta gwada su da direbobin bas, masu shan hayaƙi da cunkoso iri ɗaya amma a kan layi guda, ba ta sami wannan girma a wurin 'yan bas ba. Wasu suka ce to, watakila masu babban hifokamfus ne tun asali suke shiga sana'ar. Cikin 2011 ita da Katherine Woollett suka bi masu koyo 79 tun daga farko. A farkon ba su da bambanci. Bayan shekarun karatu, mutum 39 da suka ci jarrabawa ɓangaren bayansu ya ƙaru, na waɗanda suka faɗi ko suka bari bai canza ba. Ilimin bai zo kyauta ba, domin a wasu gwaje-gwajen riƙe sabon zane direbobin sun gaza sauran mutane.

A Landan aka yi wannan awo, amma mutumin Kano ya san irin bambancin. Direban bas da ke jigila daga Kabuga zuwa Sabon Gari safe da yamma aikinsa ɗaya, ɗan acaɓa kafin a hana sana'ar cikin Janairu 2013, da mai a-daidaita-sahu, nasu dabam, domin kowane fasinja da sabuwar hanyar da za a ƙulla. Hanyar da aka maimaita har ta zama jiki wani sashe ne dabam yake karɓarta, mai suna kodet, wanda ba ruwansa da taswira, abin da ya sani kawai shi ne "a nan akan karya hagu." Mark Packard da James McGaugh sun nuna haka cikin 1996: ɓeran da ya yi kwana 8 yana koyo, in an sako shi ta wata fuska yakan nufi inda abincin yake, amma bayan kwana 16 sai ya karya ta hannun da ya saba, ko da ba can abincin yake ba. Shi ya sa malami yakan fito da nufin zuwa asibiti ranar Asabar, sai ya farga ƙafarsa ta kai shi ƙofar makaranta.

Mafi ban sha'awa a cikin aikin Maguire shi ne wani tsohon direba da ta kira T.T., wanda ya yi kusan shekara 40 yana tuƙi a Landan kafin ciwo ya lalata masa hifokamfus duka biyu. Cikin 2006 aka zaunar da shi gaban hoton birnin na kwamfuta aka ce ya tuƙa. Ya gane manyan gine-gine, ya san wane yana gabas da wane, kuma a kan manyan tituna yana tafiya daidai. Da zarar hanya ta bukaci ya sauka daga babban titi ya shiga ƙananan layuka, sai ya ɓata. Watau tsohuwar taswira ta manyan hanyoyi takan sami wurin zama a wasu sassan ƙwaƙwalwa bayan shekaru, amma lungu yana bukatar hifokamfus har ƙarshen rai. Da T.T. Bakano ne, da ya kai fasinja daga Kabuga zuwa Gidan Sarki ta kwalta, ya kasa kai shi ƙofar gida.

Shi kuwa yaron da ya tashi a lungu, da alama ya ci riba. Cikin 2022 aka buga sakamakon wani wasan wayar hannu da mutum 397,162 daga ƙasashe 38 suka yi, inda aka ga waɗanda suka girma a garuruwa masu tituna a jere kamar layin dara sun fi rauni wajen gane hanya, a kan waɗanda suka girma a karkara ko a garuruwa masu karkatattun hanyoyi. Wani binciken na 2017 a Landan kuma ya nuna hifokamfus yakan motsa idan mutum ya shiga titi mai rassa da yawa yana neman hanya da kansa, amma in na'ura ce take gaya masa inda zai karya, wannan motsi ba ya bayyana. Wannan bai isa a ce waya tana lalata ƙwaƙwalwa ba. Abin da ya nuna kawai shi ne wanda aka ja da hannu ba ya zana taswira. Ɗalibai kuma su riƙe wannan: cikin 1994 Matthew Wilson da Bruce McNaughton sun ji ƙwayoyin wuri da suka motsa tare da rana suna sake motsawa tare yayin da ɓera yake barci. Bitar abin da aka koya da rana a cikin barci ake yin ta, don haka kwana ido biyu daren jarrabawa ba dabara ba ce.

Tsohon da ya ɓata

Saura tambaya ta biyu. Cutar mantuwa da likitan Jamus Alois Alzheimer ya bayyana cikin 1906 ba ta faɗa wa ƙwaƙwalwa gaba ɗaya a lokaci guda. Heiko Braak da Eva Braak sun nuna cikin 1991 cewa ɓarnarta takan fara ne daga yankin zauren nan na entorainal, sa'an nan ta shiga hifokamfus, kafin ta bazu. Wurin ƙwayoyin awo ke nan da ƙwayoyin wuri. Saboda haka ɓata hanya yana cikin alamomin farko, tun mutum yana gaisawa daidai, yana ba da labarin zamanin Sarki Alhaji Abdullahi Bayero ba tuntuɓe. Yakan fara da kasa riƙe sabon wuri, kamar gidan da 'yarsa ta tare, sa'an nan lungunan da ba ya yawan bi, daga baya har na ƙofar gida.

Cutar tana nan ƙasar. Wani bincike da Jami'ar Ibadan ta yi tare da takwararta ta Indiana a Amurka, wanda marigayi Farfesa Benjamin Osuntokun yake cikin jagororinsa, ya ba da rahoto cikin 1995 cewa a cikin 'yan shekara 65 zuwa sama, kimanin kashi 2.3 cikin 100 a Ibadan suna da ciwon mantuwa, a kan kashi 8.2 na baƙaƙen fatar birnin Indianapolis. Adadin ya fi na Amurka ƙanƙanta, amma a birni mai yawan jama'a kamar Kano, kashi 2 cikin 100 na tsofaffi gidaje ne masu yawa.

A gida akan ce gigin tsufa ne, wani lokaci a ce iska ce ko sammu, wani lokaci kuma a yi wa tsohon faɗa kamar da gangan ya yi. Mantuwar inda aka ajiye carbi kowa yana yi. Amma dattijon da ya tsaya a lungun da aka haife shi yana waige-waige bai san gabas ba, wannan asibiti ya kamata a kai shi, kuma da wuri. Ba kowace ruɗewa ce cutar Alzheimer ba. Ƙarancin wasu sinadaran abinci, da ciwon maƙoƙo, da zazzaɓi mai tsanani, da toshewar ƙananan hanyoyin jini saboda hawan jini ko ciwon sukari, da wasu magunguna, duk suna iya kawo ta, kuma da yawansu ana maganinsu ko a rage ɓarnarsu. In kuwa ita ce, har yanzu ba ta da maganin warkewa, sai dai sanin yadda ɓarnar take tafiya yana nuna abin yi. Tun da sabuwar taswira ce take fara gagara, ɗauke tsoho daga ɗakinsa na cikin birni zuwa sabon gida a bayan gari yakan ƙara masa ruɗewa, ko da kyakkyawar niyya aka yi. Ya fi samun natsuwa a inda tsohuwar taswira da sabon ƙafa suke iya ɗaukarsa, a bar kayan ɗakinsa a inda ya san su, a sanar da maƙwabta da limamin unguwa halin da yake ciki, a sa takarda mai sunan unguwa da lambar wayar ɗansa a aljihun rigarsa, sa'an nan in zai fita masallaci a haɗa shi da jikansa ya shige gaba.